Yadda ake duba jerin layi kafin a haɗa inji da wuta mai layi uku

Manyan injinan niƙa na Aboabo da Asawase a Kumasi, waɗanda a zango ake kira nikanika, wuta mai layi uku suke ci, wato tiri-fes a bakin masu aikin waya. Haka injinan ƙarfe na Suwame Magazin da na tsaga katako a Sokoban. Duk halinsu ɗaya: moto, wato na'urar lantarkin da ke juya injin, ba shi ke zaɓar ɓangaren da zai juya ba, jerin layukan da aka ba shi ne ke zaɓa masa. In jerin ya birkice, sai ya yi baya.

Wutar da kamfanin ECG ke rabawa a Kumasi tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Gida mai layi ɗaya yana samun volt 230 tsakanin layin wuta da nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. A layi uku kuwa, kowane layi 230 ne in an gwada shi da nutiral, amma tsakanin layi da layi kusan 400 ne. Ƙarfin layukan nan ba ya zuwa lokaci guda. Kamar mata uku ne suna lugude a turmi ɗaya: wannan ta sauke taɓarya, ta biyu ta bi, ta uku ta bi, sai a koma kan ta farko. Tazarar digiri 120 ke tsakaninsu, kuma wannan bi-da-bi ne ke jan moto ya juya. Sunansu L1, L2, L3.

Abu na farko, ka kashe wuta daga babban makunni, ka sa kwaɗo ko ka cire fiyus ka zuba a aljihunka, don kada wani ya zo ya tayar kana ciki. Sannan ka tabbatar da mita cewa wayoyin sun mutu. Sukudireban gwaji mai 'yar fitila bai isa shaida ba a nan. Gwada mitar a inda ka san akwai wuta tukuna, sannan ka gwada inda za ka sa hannu.

Na biyu, kada ka yarda da launi. Nan ne yara masu koyo suka fi faɗawa rami, don a Gana launi iri biyu ke yawo a kasuwa da cikin bango. Tsohon tsarin da aka gada daga Ingila shi ne ja, rawaya da shuɗi, baƙi kuma nutiral. Sabon tsarin kuwa ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka, shuɗi ne nutiral. Ka ga baƙi da shuɗi sun yi musayar aiki ke nan. Wayar da a tsohon gini nutiral ce, a sabon kebul wuta ce tsagwaronta. Za ka ji yaro yana rantsuwa, "Masta, wallahi baƙi da baƙi na haɗa," alhali ya ɗaure layin wuta kan nutiral. Wayar ƙasa ce kaɗai ba a ruɗewa a kanta, kore da rawaya. Ko da launi iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba ka san abin da wanda ya riga ka aiki ya yi a cikin akwati ba.

Don haka sai awo. Ka raba bakin wayoyin nesa da juna, ka mayar da wuta, ka auna biyu-biyu. Inda ka sami 400, layi ne da layi. Inda ka sami 230, ɗaya daga ciki nutiral ce. In wayoyi biyu kowacce tana da 230 da nutiral amma tsakaninsu babu komai, to layi ɗaya ne aka raba gida biyu, kuma moto ba zai tashi a haka ba, gurnani kawai zai yi yana zafi.

Mita ta yau da kullum ba ta faɗin jeri, adadin volt kawai take nunawa. Jeri sai da na'urar gwajin juyi, 'yar ƙarama mai wayoyi uku da bakin kada. Ka maƙala su a kan L1, L2, L3. Tsohuwar ƙira tana da faifai mai juyawa, sabuwa kuma fitila ce ke kamawa a dama ko a hagu. In ta nuna dama, jeri daidai ne. Nan take ka naɗa wa kowace waya tef ka rubuta lambarta. A ganina duk wanda ke karɓar aikin tiri-fes ba shi da wannan na'ura, caca yake yi da injin mutane.

Yanzu ka sake kashe wuta, ka buɗe akwatin moto. Za ka ga kusoshi shida da 'yan faranti na tagulla, U1, V1, W1 a jere ɗaya, W2, U2, V2 a ɗaya jeren. Faranti a kwance suna haɗe jeren W2, U2, V2, haɗin sita ke nan; a tsaye uku, delta. Ba kai za ka zaɓa ba, allon da ke jikin moto ne zai faɗa maka. In an rubuta 230/400, sita za ka yi a wutarmu. In 400/690 ne, delta. Sai L1 ta hau U1, L2 ta hau V1, L3 ta hau W1, wayar ƙasa kuma a jikin ƙarfen moto. A ƙa'ida wannan haɗi yana juya sandar moto irin juyin hannun agogo in kana kallon bakinta, amma moton da aka sake wa naɗi a gareji ba lallai ya bi ƙa'ida ba.

Shi ya sa kafin ka ɗora bel, ka ɗan taɓa makunni ka saki, ka kalli fankar baya tana lafawa, ka gwada da kibiyar da ke jikin injin. In ya yi baya, kashe wuta ka musanya layi biyu, kowaɗanne biyu. Biyu na ce. In ka matsar da duka ukun, kowanne ya koma gurbin na kusa da shi, ba ka canza komai ba, L2, L3, L1 jeri ɗaya ne da L1, L2, L3. In kuma injin yana da sitata, wato akwatin tayar da moto, mai sita-delta, ka yi musayar a wayoyi ukun da ke shiga sitatar, kada ka taɓa shidan da ke fita zuwa moto.

Famfon rijiyar burtsatse ya fi wahalar ganewa, tunda yana can ƙasa ba ka ganinsa, kuma ko yana juyawa baya yakan kawo ruwa, sai dai kaɗan. Ka gwada jeri biyun a taƙaice. Wanda ya fi cika tanki da ƙarfi shi ne daidai. Kwamfuresar ɗakin sanyi irin ta sukurol kuwa ba a yi mata wannan gwaji, juyin baya yana lalata ta.

Wani lokaci injinan shago gaba ɗaya za su wayi gari suna baya, bayan an gyara layin unguwa ko an sauya taransifoma. Kada ka bi su ɗaya-ɗaya kana juya waya. Gyara ɗaya ne, a babban makunnin shago bayan mita. Abin da ke kafin mita da hatimin da ke jikinta na kamfanin wuta ne, kai rahoto shi ne naka. Haka in za ka haɗa janareta saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta: ka gwada jerinsa da na wutar kamfani a bakin makunnin sauyi har su zo ɗaya, in ba haka ba duk sanda aka ɗauke wuta injin zai koma baya. Ƙaramar na'ura mai gadin jeri, da ake kira rile, tana maganin wannan, tana hana kontakta, wato makunnin da ke ba moto wuta, kamawa in jeri ya juye ko layi ɗaya ya faɗi.

Moto mai layi ɗaya dabam yake. Ko ka juya layin wuta da nutiral ba zai sauya hanya ba, sai an juya bakin naɗin tashi, wanda ke tare da kafasita. Amma a wayar gida juya su haɗari ne, don makunni dole ya yanke layin wuta, ba nutiral ba. In an yi akasi, fitila za ta mutu amma wuta na nan a mazaunin ƙwan.

Tun dokar aikin waya ta 2011, L.I. 2008, sai mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi ta Gana ke da izinin yin wayar gini. Yaro mai koyo ya yi duk wannan a gaban mastansa, mai shago kuma ya nemi ganin takardar kafin a buɗe masa akwati.