Saran maciji: kurakuran da sababbin ma'aikatan lafiya suka ƙi dainawa

Da zarar ruwa ya sauka manoma sun duƙufa a gona, sai a fara kawo mana waɗanda maciji ya sara daga ƙauyukan Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure, kuma abin ba ya lafawa sai an gama kaka. A wannan tsakanin ne ake turo mana ɗaliban jinya da na kiwon lafiyar al'umma su koyi aiki. Kowace shekara yaran daban, amma kuren da na bara suka tafka shi na bana ke tafkawa. Bakina ya gaji da faɗa a bakin gado, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Macizan da suka fi yi mana ɓarna a ƙasar nan uku ne: kububuwa, kasa, da gamsheƙa mai tofi. Yawancin maganata a kan kububuwa take. Ba ta cika wuce kamu ɗaya ba, ga launinta ya saje da ƙasa, amma babu macijin da ya kai ta kashe mutane a Arewacin Najeriya.

Babban kuskure, wanda in na gan shi raina ke ɓaci, shi ne a dubi fuskar mutum a yanke hukuncin cewa lafiyarsa ƙalau. Wanda kububuwa ta sara yakan shigo da ƙafarsa, ya gaishe ka, ya tambaye ka iyali. Ƙafa ta ɗan kumbura, yana jin zafi, shi ke nan. Sai sabon ma'aikaci ya yi masa allurar rage zafi, ya rataya masa ledar ruwa, da yamma ya ce a tafi gida. Wallahi wannan ba sallama ba ce, tura mutum ne ya je ya mutu inda ba mai ganinsa.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Jinin mutum yana ɗauke da sinadaran daskarewa waɗanda hanta ke yi, ana ajiye da su sai an ji ciwo su toshe wurin. Dafin kububuwa yana da wani sinadari da ke tayar da ɗaya daga cikinsu, furotirombin, ba tare da an ji ciwon komai ba. Nan take jini ya shiga yin ƙananan gudaji, jiki na narkar da su, yana sake yi, har fibirinojin, wato abin da ake saƙa gudan jini da shi, ya ƙare ƙaf. Kamar magidanci ne da ya cinye rumbunsa tun da rani, damina ta zo ba ko zangarniya. A gefe guda kuma wasu sinadaran dafin suna cin bangon ƙananan hanyoyin jini suna huda su. To ga ɓula, ga babu abin toshewa. In ɓular a dasashi take, ka gani. In a cikin kai ko cikin ciki take, ba ka gani sai ta gama aiki.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Farfesa David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa sun buga bincike a 1977 kan mutum 115 da kububuwa ta sara. Kashi 93 cikin ɗari jininsu ba ya daskarewa, amma kashi 57 ne kawai jini ya ɓalle musu da kansa. Ku dubi tazarar da ke tsakani. Mutanen nan ne ake yi wa kallon masu lafiya a sallama.

Ɗan yayata na cikin waɗanda aka sallama haka. Saurayi ne, an sa ranar aurensa bayan kaka. Yana cirar gyaɗa ta sare shi a idon sawu, aka kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da garinsu. Ba wanda ya ɗebi jininsa. Aka yi masa allura biyu a ɗuwawu, aka ce ai saran bai kama ba. Ya koma gida har yana yi wa abokansa ba'a. Bayan kwanaki ciwon kai ya taso, sai amai, sai magana ta sarƙe. Kafin labari ya iso ni an sa shi a mota an nufi Katsina, bai kai ba. A wurin zaman makoki yayata ta dube ni ta ce, "Auta, ba sun ce ya warke ba?" Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba. An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, to ni ma tun daga nan ba na sallamar kowa sai ya kwana ya wuni a gabana, awa 24 cur, ko da dangi za su yi fushi, ko da ya rantse tsinke ne ya soke shi. Gaskiya ne ba kowane sara ke zuba dafi ba, amma ba fuska ke gaya maka hakan ba, kwalba ce.

Kwalbar ita ce kuskure na biyu, domin waɗanda suka san a yi gwajin daskarewar jini ma, yawanci ɓata shi suke yi. Gwajin minti 20 ne, ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Ka ɗebi jini kamar mililita 2 daga jijiya, ka zuba a kwalbar gilashi sabuwa, busasshiya, ka ajiye ta a tsaye, ka ƙyale ta. In minti 20 ya cika ka karkata ta sau ɗaya a hankali. In jinin ya tsaya guda, madalla. In ya gangaro kamar ruwan zoɓo, dafi na aiki, a kawo magani.

Abu mai sauƙi haka, amma ga yadda ake lalata shi. Na taɓa samun wata ɗaliba ta bar jinin cikin sirinji a kan tebur tana jira. Na ce, "'Yata, ina kwalba?" Ta ce, "Malam, ta ƙare, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Gilashi shi ke tayar da matakin farko na daskarewar jini, roba ba ta yi. Jinin mai lafiya ma zai iya wuce minti 20 a roba bai daskare ba, sai ka ɗura wa mutum magani mai tsada da haɗari a banza, na gaba da ke buƙatarsa ya rasa. Kwalbar da aka wanke da sabulu ko garin wanki ita ma haka take yaudara. Sai masu ɗagawa kowane minti biyu suna leƙe, suna girgizawa, suna farfasa ɗan gudan da ya fara haɗuwa. Sai masu kintatar lokaci da ka. Haba! Waya na aljihunka, agogo na jikinta.

Ni abin da nake yi: ina da kwalin kwalaben gilashi sababbi a cikin lokata, da kuɗina nake saye, ba na jiran sito. Ina manna filasta a jikin kwalbar in rubuta lokacin da na zuba jinin. In sakamakon bai kwanta mini ba, sai in roƙi ɗan'uwan mara lafiyar in ɗebi nasa a irin kwalbar in ajiye gefe guda. In na mai lafiya ya daskare na mai sara bai yi ba, magana ta ƙare. In gwajin farko ya fito lafiya ba na yarda, ina maimaitawa, domin dafin kan ɗauki lokaci kafin ya cinye abin da ke cikin jini. Kafin minti 20 ɗin ya cika kuma ba zama nake yi ba. In ɗaga leɓensa in haska dasashi da tocila, in dubi audugar da na danna inda na soka allura ko ta jiƙe, in tambayi launin fitsari, in duba tsagar da aka yi masa a gida ko tana tsiyaya.

Sai maganin dafin kansa. Ana yinsa ne ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan, jikinsu ya yi garkuwa, a tace ta daga jininsu. Ke nan dafin macijin da aka yi amfani da shi, shi maganin ya sani. Wanda aka yi da dafin macizan Indiya ba ya kama kububuwarmu yadda ya kamata, duk da cewa can ma suna da 'yar'uwarta. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka canza magani zuwa irin wannan, mace-mace suka tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. Don haka ka karanta takardar da ke cikin kwali, ka nemi sunan Echis ocellatus, wato kububuwarmu, a jerin macizan. In babu, kada ka sa talaka ya sayar da akuyarsa a kan ruwan banza. A gwajin da aka yi a Kaltungo ta jihar Gombe kan mutum 400, wanda aka buga a 2010, kwalba uku ta EchiTAb-Plus-ICP da ake yi a Kosta Rika ta dawo da daskarewar jini cikin awa 6 ga kashi 83, kwalba ɗaya ta EchiTAb-G da ake yi a Birtaniya ta yi wa kashi 76. Lura da cewa ko da magani mai kyau, akwai waɗanda zubin farko bai ishe su ba. Shi ya sa ake sake gwajin kwalba bayan awa 6, in jini bai daskare ba a ƙara. Ba bayan awa ɗaya ba, domin hanta na buƙatar lokaci ta sake cike abin da ya ƙare. Sai fa in jini na ci gaba da zuba a gabanka, nan ba a jira.

Kada ka rage wa yaro magani don ƙanƙantarsa. Maciji bai rage masa dafi ba, abin da za a ba babba shi za a ba shi. Kada ka ɓata lokaci da ɗan gwajin nan na ƙarƙashin fata, ba ya nuna wanda jikinsa zai ƙi maganin. Abin da ke ceto shi ne adirenalin, allurar da ake yi wa wanda jikinsa ya ƙi maganin, a zuƙe cikin sirinji, a ajiye a bakin gado tun kafin a buɗe ruwan maganin, kai kuma kana tsaye a wurin. Ni ba na barin gadon a rabin awar farko ko waye ke kirana. Ƙaiƙayi, tari, borin jini, numfashi ya fara sarƙewa: tsayar da ruwan, yi adirenalin a cinya, in ya lafa a ci gaba a hankali.

Ban da adirenalin ɗin nan, babu allurar tsoka ga wanda jininsa ba ya daskarewa, ta rigakafin tetanos ma a bari sai jini ya dawo daidai. Babu asfirin, babu dikilofenak, babu ibufurofen, farasitamol ya isa a fara da shi. Ƙarin jini ba tare da maganin dafi ba bai tsayar da komai, dafin da ke yawo zai cinye sabon kamar yadda ya cinye tsohon. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi ya kama su.

Kumburin ma ana yi masa gurguwar fahimta. Ƙafa ta yi jajir, ta yi zafi, ga zazzaɓi, sai a ce ƙwayar cuta ce a hau rubuta magungunan kashe ƙwayoyi. A ranar farko yawanci dafin ne ya harzuƙa garkuwar jiki. Masu bincike a Maisur ta Indiya sun nuna a 2016, a jikin ɓeraye, cewa dafin kububuwar can yana sa wasu fararen ƙwayoyin jini su fashe su watsa wata irin raga, ragar ta toshe ƙananan hanyoyin jini ta riƙe dafin a wurin, nama ya ruɓe. Wato kumburi da toshewar jini tare suke tafiya. Maganin ƙwayoyi na da wurinsa in an yi tsaga da aska mai datti ko nama ya fara mutuwa. Kuma don Allah kada wani ya yi gigin tsaga ƙafa wai don ta sha iska alhali jini bai fara daskarewa ba.

Mutanenmu za su zo da ɗauri, wani da tsumman rawani, wani da robar tayar keke, wani an manna masa baƙin dutse, wani ya biya ta wurin mai maganin gargajiya an ba shi abin amai. Duk ba sa cire dafi, ɗaurin kuwa shi ke jawo yanke ƙafa. Amma wulaƙanta dattijo a gaban 'ya'yansa ba ya gyara komai, gobe ba zai kawo maƙwabcinsa ba. Ni nakan ce, "Baba, kun yi ƙoƙari, sannunku da hanya. Nan gaba a bar ɗaurin, a ɗora shi a babur a taho kawai." Ɗaurin da ya daɗe kuma ba na kwance shi farat ɗaya a bakin ƙofa, sai na samu jijiya, magani na kusa. Wanda gamsheƙa ta tofa wa a ido, ruwa mai yawa za a yi ta kwarara masa nan take, sannan likita ya duba idon. Kada a tura yara neman macijin cikin kara, hoto daga nesa in ya samu ya wadatar.

Akwai kuma ɗalibai masu karatu a waya, ina jin daɗinsu, amma sukan yi gaggawa. Sun ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta kuma ɗauki alkawari a 2019 na rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Sun ji ana gwada magungunan haɗiya irin su barasfiladib da yunitayol waɗanda ke toshe wasu sinadaran dafi, sun ji aikin da Farfesa Abdulrazaq Habib da tawagarsa ke yi a Jami'ar Bayero ta Kano. Duk gaskiya ne, kuma ranar da manomi zai haɗiyi ƙwaya a gona kafin ya iso asibiti, rayuka da yawa za su tsira. Amma waɗannan ƙwayoyi gwaji ake yi, ba su shigo hannunmu ba, kada ka je kana yi wa dangi albishir da abin da ba ka da shi.

Ranar sallama ma kada a ce "Allah ya sawwaƙe" kawai a miƙa kati. A gaya masa in ya ga jini a dasashi ko a fitsari, ko ciwon kai mai tsanani ya kama shi, ya dawo a daren, domin dafin da ya maƙale a wurin saran kan sake shiga jini bayan magani ya ragu. A gaya masa kuma bayan kamar mako guda zai iya jin zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi da ƙuraje masu ƙaiƙayi, wannan daga maganin ne, ya zo a ba shi abin da zai kwantar da shi. A faɗa a gaban wanda zai kwana da shi a ɗaki, a sa shi ya maimaita.