Shawara ga mai raka iyaye tsohon gidansu ta ruwa

Jama'a, duk wanda iyayensa suka manyanta, suke marmarin sake ganin gidan da suka fara zaman aure a ƙauyukan bakin Gulbin Rima, wajen Wurno ko Goronyo, ya dakata har ruwa ya janye a Nuwamba, domin a Agusta da Satumba gulbin yakan tumbatsa. A guji ranar kasuwa, lokacin da ake danƙare kwale-kwale da buhuna da babura. A tashi da hantsi, a sanya wa Baba da Inna rigar kariya, a zaunar da su a tsakiya, a ƙulle magungunansu cikin leda. A kuma sanar da mazauna gidan tun da wuri, kada dattawa su isa su tsaya a zaure suna jiran izini.