Ta-Kitse a Cikin Kumbo: Inda Masu Mayar da Tatsuniya Labarin Kimiyya Suke Tuntuɓe

Ƙanwata ce ta fara miƙo mini irin littattafan nan. Ta ce in karanta in gaya mata ko wace tatsuniya ce aka ɓoye a ciki. Ban yi nisa ba na gane 'yar borar Turawa ce, wadda suke kira Sindirela, sai dai an ɗauke ta an kai ta wani zamani da bai zo ba tukuna, an mayar da ita makanikiya mai ƙafar ƙarfe. Littafin shi ne Cinder na Marissa Meyer, wanda ya fito a 2012, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne daren biki: maimakon takalmi, ƙafar ce gaba ɗaya ta cire ta faɗi a matakalar fada. Tun daga nan na shiga neman ire-irensa, na karanta masu daɗi da masu sa barci. Daga baya na fara cin karo da ƙannenmu masu rubutu a Wattpad da zaurukan WhatsApp suna gwada hakan da tatsuniyoyinmu. Na yi murna ƙwarai. Amma ramukan da na ga marubutan waje suna faɗawa, su na ga namu suna nufa ido rufe.

Babban ramin shi ne canza wa tuwo suna. Marubuci ya ɗauki tatsuniya yadda kaka ta ba shi, doki ya koma kumbo, sarki ya koma shugaban duniyar Mars, Dodo ya koma mutum-mutumi, shi ke nan ya ce ya rubuta labarin kimiyya. Gwajin wannan ba wuya. Ka bi labarinka ka cire kowace na'ura, ka mayar da doki da rijiya da fitilar aci-balbal. In labarin ya ci gaba da tafiya ba ɗingishi, to kwalliya ce kawai ka yi masa, kuma ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ƙafar ƙarfen da na ambata ta yi aiki ne saboda ita ce sirrin da yarinyar take ɓoyewa, ita ce dalilin da ake yi mata kallon wadda ba cikakkiyar mutum ba. Faɗuwarta tonon asiri ne a gaban jama'a. Cire ƙafar, labarin ya rushe.

Gyaran yana farawa da tambaya ɗaya: mene ne tatsuniyar nan take tsoro? Ɗauki Ta-Kitse. Daga kitsen sa aka same ta, kyakkyawa ce har sarki ya aure ta, amma da sharaɗin kada ta kusanci wuta ko ta shiga rana. Sarki ya yi tafiya, kishiyoyi suka tilasta mata aikin murhu, ta narke. Tsoron da ke ciki shi ne na mace mai wani rauni da kowa a gida ya sani, kuma mai kare ta ba ya nan kullum. To a nan za ka dasa na'urarka. Ka ce yarinyar ƙerarriya ce, ƙwaƙwalwarta ba ta jure zafi, wadda ta ƙera ta tsohuwa ce da aka ƙwace mata dukiya. Ko ka ce an haife ta a tashar da ke duniyar wata, inda nauyin mutum yake komawa kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa a doron ƙasa, ƙasusuwanta ba su saba ɗaukar jiki ba, aka kawo ta gidan miji a Kano. Ɗaukar tulu kaɗai na iya karya ta, kuma matan gida suna ganin son jiki ne da iyayi. Ka ga yanzu kimiyyar ce take riƙe da wuyan labarin. Mai karatu da ya san tatsuniyar zai riƙa jiran murhun da faɗuwar gaba, bai san ta wace fuska zai zo ba.

Wani ramin da ke maƙwabtaka da wannan shi ne mayar da kimiyya tsafi. Jaruma ta shiga matsala, sai ta latsa wani maɓalli a agogonta, ƙofa ta buɗe. Gobe ta ji ciwo, agogon ya warkar da ita. Jibi ya fassara mata harshen mutanen wata duniya. Wannan ai laya ce mai batir. Abin mamaki, ita kanta tatsuniyar ta fi haka tsari. A tatsuniyar ruwan Bagaja an gaya wa 'yar bora ƙa'idar ƙwai: inda ta ce za ta fasa aka amsa mata, kada ta fasa, sai inda ta ji shiru. 'Yar mowa ta karya ƙa'idar, ta ga abin da ta gani. In kakanninmu da ba su shiga ajin kimiyya ba sun san kowace baiwa tana da sharaɗi, ba dalilin da zai sa na'urarka ta zama ba ta da iyaka. Kafin ka rubuta babi na ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta abin da na'urar take iyawa, abin da ba ta iyawa, da abin da take ci. Caji ne? Ruwa? Kuɗi? Lafiyar mai amfani da ita? Ka nuna wa mai karatu iyakar tun da wuri, sannan ka matse jarumarka a daidai wurin.

Nan ne sanin gaskiyar sararin samaniya yake ba da riba, don ita kanta cike take da sharuɗɗa irin na tatsuniya. Na karanta wani labari da uwa take Zariya, 'yarta tana Mars, suna cacar baki a waya kamar tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada. Saƙo daga nan zuwa Mars yana ɗaukar kimanin minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke a zagayensu. Wato ka yi sallama, amsarta na iya kai minti 44 kafin ta dawo maka. Marubucin ya yar da zinariya bai sani ba. Ka duba yarinyar da ta aika wa mahaifinta ƙarar matar uba, tana zaune tana jiran amsa, matar uban kuma tana bakin ƙofa. Haka nan tafiyar da kanta wata bakwai ce ko kusa da haka da kumbunan da ake da su yanzu, ba a zuwa ɗaurin aure a dawo da yamma. A duniyar wata kuwa dare ɗaya yana kai kwana 14 namu, saboda haka mai son ya ari sharaɗin ƙarfe goma sha biyun dare na tatsuniyar Sindirela sai ya sake lissafi. Iskar da ta rage a tulun da jarumar take goye da shi ita ce agogonta. Kuma don Allah a daina sa ƙarar fashewa tana tashi a sarari. Ba iska a can, sauti ba shi da abin hawa.

Sai zanen aro, wanda ba ya rufe katara. Za ka ga labari da Hausa, amma jarumar tana shirin zuwa rawar fada da doguwar riga, yarima yana sumbatar hannunta, ana shan shayi da ƙaramin cokali. Ba laifi ba ne ka sake ba da tatsuniyar wasu. Ita Sindirelar ma yawo ta yi ta sha: akwai irinta a Sin tun ƙarni na 9, inda ƙasusuwan kifi ne suke taimakon yarinyar, Charles Perrault na Faransa ya rubuta tasa a 1697 da takalmin gilashi da kabewa, 'yan'uwan nan Grimm na Jamus suka fitar da tasu a 1812, inda 'ya'yan matar uba suke yanke yatsa da diddige don ƙafa ta shiga takalmi. Kowa ya ɗinka ta daidai jikin mutanensa. Laifin shi ne ka kwaso ta da kayan jikinta duka ka ajiye a tsakar gidan Malam Bahaushe. In labarinka a Faransa yake, bar shi a Faransa, ka yi bincike. In kuwa mutanenka Hausawa ne, to su tafi sama da halinsu: gaisuwa mai tsawo, kunyar ɗan fari, gori, rabon girki, wanda za a aika da wanda ba a aika.

Akwai abin da kusan kowa yake tsallakewa, alhali shi mai karatu Bahaushe zai fara tambaya: ina alƙibla? Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya sau ɗaya a kimanin minti 90, mazaunanta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda. Wannan ba tambayar wasa ba ce, an riga an yi ta. A 2007 ɗan sama jannatin Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar a ƙarshen azumin Ramadan, malaman ƙasarsa suka tsara masa jagora: ya bi lokutan wurin da kumbonsa ya tashi, ya fuskanci alƙibla iyakar iyawarsa. Ka sa tsohuwa ɗaya a kumbonka wadda ta ƙi yarda da agogon jirgi, tana riƙe da lokacin Katsina, ka ga yadda wurin zai yi rai. Ruwa ma haka. A 2023 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta sanar cewa tashar tana iya sake tace kashi 98 cikin 100 na ruwan da aka yi amfani da shi, har da gumi da fitsari. Ni dai duk lokacin da na tuna cewa fitsarin kwance ne ya tura 'yar bora neman ruwan Bagaja, sai in ga babin farko ya rubuta kansa.

Ba ma dole sai an bar ƙasa ba. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance matuƙa bayan farin shekarun 1970 da 1980. Yarinyar da aka tura neman ruwa a ƙasar Hausa ta shekara ɗari masu zuwa ba ta buƙatar Mars.

Jibga bayani a babin farko kuwa gajeren zance ne. Shafi biyar na tarihin yaƙin duniya na huɗu kafin mu ga fuskar kowa, matashi ya riga ya koma TikTok. Mai tatsuniya "ga ta nan ga ta nanku" kawai take cewa, sai ga Gizo yana jin yunwa. Fara da mutum yana son wani abu. Tarihin ya riƙa ɗigowa a bakin masu faɗa da masu ciniki. Haka batun kalmomi: in akwai kumbo, tauraron ɗan'adam, mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira, ba sai an cika shafi da Turanci ba. Abin da babu sunansa, bar mutanen labarin su laƙaba masa, yadda aka laƙaba wa ƙaramar waya rakani-kashi.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne yadda soyayya take haɗiye komai. Da zarar yarima ya bayyana, miskili, mai kuɗi, ba ya dariya, sai kumbo da annoba da ƙarancin iska duk su koma labule. Jarumar da ta iya kwance inji a babi na biyu ta koma mai rawar murya da sunkuyar da kai har ƙarshe. Ba na ƙin soyayya, matasa ake rubuta wa. Amma duba Daskin-da-Riɗi: saurayin lada ne kawai, labarin na yarinyar da ta tsaya ta cuɗa bayan tsohuwa ne lokacin da sauran suka wuce suna yatsina. Abin da ta yi da hannunta shi ya ba ta sunan saurayin, wanda sauran suka kasa faɗa. In ka mayar da sunan nan kalmar sirri ta buɗe wata na'ura, tsohuwar kuma tsohon mutum-mutumin da kowa ya raina saboda tsatsa, to ka tabbata gyaran da yarinyar ta yi masa ne ya kai ta ga nasara. Ka ba ta abin da take so wanda ba namiji ba, ko da 'yancin fita daga gidan ne, sannan ka sa soyayyar ta yi karo da shi.

Ita ma matar uba a ba ta dalili. A tatsuniya ta minti goma mugunta ba ta buƙatar bayani, amma a littafi mai babi arba'in mace mai mugunta daga safe har dare gundura take. Ka ce tashar tana raba iska da ruwa da kati, gidan yana da katin mutum huɗu, mutanen gidan biyar ne. Har yanzu azzaluma ce, sai dai yanzu mai karatu yana jin tsoronta da gaske, don ya san lissafin da take yi da dare.

Gizo kuma a yi hattara da shi. Na ga inda aka mayar da shi jarumi mai kutsen kwamfuta, mai taimakon talakawa, mai magana tsaf. Wannan wani ne daban ya ari sunansa. Gizo makwaɗaici ne, matsoraci, mai tsamin baki, wayonsa rabi yana cinsa. Shi ne wanda hankaki suka ara wa gashin fuka-fuki suka kai shi cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya riƙa cewa kowane nunanne shi ya riga gani, har suka fusata suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan bishiya. In za ka kai shi sama, kai shi da halinsa: ya lallaɓi ma'aikatan kumbo kowa ya ara masa wani ɓangare na rigar sama jannati, wannan safar hannu, wancan hular gilashi, wata tulun iska, ya isa rumbun abinci ya ce duk shi ya fara gani. Daga nan sai kowa ya miƙo hannu yana neman kayansa, mai tulun iska tana daga ƙarshen layi, Ƙoƙi kuma tana gida tana jiran saƙon da sai bayan minti 22 zai iso.