Yadda Ake Adana Fasfo da Sauran Takardu a Tafiyar Hajji ko Umra

Maniyyaci kan yi makonni yana lissafin abin da zai zuba a jaka: yaji, kuka, garin kunu, silifas biyu saboda ɗaya zai ɓace a ƙofar Harami. Fasfo kuwa sai ranar tashi a cusa shi a aljihun jakar hannu tare da cajar waya da ragowar dabino. Yaji in ya ƙare, maƙwabcin ɗaki zai sam maka. Fasfo in ya ɓace a Makka, Jidda za ka nufa neman takarda, abokan tafiya na ɗawafin bankwana kai kana layi. Ga yadda ake kauce wa hakan.

Da farko, tara takardun tun saura wata guda

Shimfiɗa su gaba ɗaya a kan tabarma ka duba ɗaya bayan ɗaya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Biza yanzu ta intanet ake bayar da ita, saboda haka a buga maka ita a takarda, kada ka dogara da wadda ke wayar ejan. Sai katin rigakafi, wato yalo kati mai shaidar allurar shawara, da shaidar allurar sanƙarau wadda Saudiyya ke so a yi aƙalla kwana 10 kafin isa. Sai tikiti, takardar masauki, da takardar NIN. Mai hawan jini ko ciwon suga ya karɓi wasiƙar likita mai ɗauke da sunayen magungunan da yake sha, ya kuma bar kowane magani a kwalinsa na asali.

Ka tsaya a kan suna. Mu Hausawa muna da wannan matsalar: Muhammad a fasfo, Mohammed a tikiti, Muh'd a katin asibiti. Harafi ɗaya kan iya tsayar da mutum a gaban kanta a filin jirgi. Gyara a gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Takardar fili, shaidar kammala makaranta, takardun mota, duk ba su da aiki a ƙasa mai tsarki. Bar su a gida, wurin wanda ka yarda da shi.

Na biyu, yi kwafi ka rarraba

Wannan shi ne ƙashin bayan maganar. A yi maka hoton kowace takarda kashi uku, mai launi in da hali, musamman shafin fasfo mai hotonka da kuma biza. Kashi ɗaya ya shiga babbar jaka. Kashi na biyu ka ba abokin tafiya, kai ma ka riƙe nasa. Na uku ya zauna a gida hannun mutum ɗaya da ka san yana ɗaga waya ko da tsakar dare, ba ɗan'uwan da sai an kira shi sau bakwai ba. Abin da ake gudu shi ne asali da kwafi su kwana a jaka ɗaya. Ranar da jakar ta tafi, sun tafi tare, wahalar da ka sha a shagon kwafi ta tashi a banza.

Haɗa da ƙananan hotunan fasfo huɗu masu farin baya. Ba su da nauyi, kuma su ake fara nema in abu ya faru.

Na uku, waya

Ɗauki hoton takardun da wayarka a wuri mai haske, yadda kowace lamba za ta karantu. Amma barin su a cikin hotunan waya kaɗai bai isa ba, tunda a cunkoso waya ce ta fi saurin salwanta. Tura su imel ɗinka ko ka ɗora su a Google Drive, inda za ka iya buɗewa daga kowace waya.

Ga tarkon da mutane da yawa ba sa gani sai sun faɗa. An sace waya, ka ari ta abokinka don shiga imel, sai Google ya ce ya aika lambar tabbatarwa zuwa layinka na gida, layin kuma yana cikin wayar da aka sace. Maganin wannan tun a gida ake yin sa. A sashen tsaro na asusun Google, wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu zai iya fitar da lambobin ajiya guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Rubuta su a 'yar takarda, kada ka rubuta adireshin imel ɗin a jikinta, ka sa ta inda fasfo yake. Idan Baba ko Inna ne za su tafi kuma ba su saba da waɗannan abubuwa ba, ɗa ko jika ya riƙe hotunan a wayarsa a gida, a rubuta musu lambarsa da manyan baƙaƙe a takarda.

Sa wa wayar makulli. Kuma don Allah a bar ɗora hoton biza ko tikiti a Facebook da WhatsApp da sunan neman addu'a. Addu'a na isa ba tare da lambar fasfo ba.

Na huɗu, asali ya zauna a jiki

Daga gida har masauki, fasfo bai kamata ya rabu da jikinka ba. Kada ya shiga jakar da za a auna a tura cikin jirgi, kada ya shiga aljihun baya ko na gefen jallabiya. Namiji ya sayi ɗamara mai aljihu da zif, irin wadda ake ɗaurawa a kan harami. Malamai sun halatta ta don tsare guzuri. Hajiya kuma 'yar jakar wuya ta fi, a saka ta ƙarƙashin hijabi ta gaba. Tsohuwar dabarar iyayenmu ta lalita ce dai aka sabunta.

Kafin ka sa fasfo a ɗamara, zura shi a leda mai zif. Zafin Makka ba wasa ba ne, a Hajjin 2024 ya haura digiri 50, kuma gumi na jiƙa takarda kamar yadda ruwan alwala ke yi. Kada a lanƙwasa fasfo ko a zauna a kansa, domin akwai 'yar na'ura a jikinsa wadda kwamfutar jami'an shige da fice ke karantawa.

Na biyar, bayan an sauka

A aikin Hajji sau da yawa jami'an da ke kula da alhazai kan karɓi fasfo su ajiye har lokacin komawa. Idan haka ta kasance, ka tabbatar jami'in tawagarku ne ka miƙa wa, ka rubuta sunansa da lambarsa. Daga nan abin da zai zama shaidarka shi ne katin Nusuk, wanda tun 2024 ba a shiga Mina da Arfa sai da shi. Rataya shi a wuya ko wanka za ka je, ka kuma ɗauki hotonsa gaba da baya.

Mai Umra yawanci fasfonsa na hannunsa. In ɗakin otal na da akwatin ƙarfe mai lambobi, kuma kai da iyalinka ne kaɗai a ɗakin, sa shi a ciki ka fita da kwafi. In kuwa ku shida ne, ga masu shara da masu kawo ziyara, ni dai na fi natsuwa da ɗamara. Ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce, nan ake fara ɗagawa. Karɓi katin otal mai adireshi da Larabci ka sa a aljihu. Duk wanda ya tare ka a hanya ya ce ka ba shi fasfo zai samo maka sauƙin canji ko layin waya, ka ce masa Allah ya ba da haƙuri, ka wuce.

Akwai wata 'yar takarda da ake rainawa: ƙaramar shaidar da ake manna maka a bayan tikiti bayan an auna kaya. Ƙirga su kafin ka bar kanta. Jaka biyu ka bayar, shaida biyu za ka gani, ka ɗauki hotonsu tare da jakunkunan. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba da ta tashi daga Kano zuwa Umra, saboda wata jaka mai ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta.

In ƙaddara ta faɗa, fasfo ya ɓace

Fara da sanar da shugaban tawaga ko ejan ɗinka nan take, kada ka bari sai gobe wai ko zai fito. Alhajin Najeriya ya nemi jami'an hukumar alhazai ta jiharsa ko na hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON, na Nijar kuma jami'an COHO, hukumar Hajji da Umra ta ƙasarsu. Duba ofishin ajiye kayan tsintuwa na Harami, don ana kai abubuwa da yawa can. In bai fito ba, a kai rahoto wurin 'yan sanda a karɓi takardar shaida. Lambar gaggawa a Makka ita ce 911.

Daga nan sai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, ko babban ofishin da ke Riyad. Tafi da rahoton 'yan sanda, kwafin fasfo da na biza, takardar NIN da hotunan nan huɗu. Za su ba ka takardar tafiya ta gaggawa, wadda komawa gida kawai take yi, sau ɗaya. Sannan sai an bi ta hukumar fasfo ta Saudiyya, wadda suke kira Jawazat, ta sahale maka fita. Abin kan ɗauki kwanaki, saboda haka a kira kamfanin jirgi tun da wuri a ji yadda za a ɗaga ranar tikiti. In ka dawo gida, riƙe rahoton 'yan sandan nan da kyau, domin zai yi maka amfani a ofishin shige da fice ranar da ka je neman sabon fasfo.