Yadda za ka riƙe tutar Saudiyya ba tare da ka jawo wa kanka magana ba

Da Satumba ta kama za ka ga shagunan abu riyalain, wato masu sayar da kaya masu araha, a Makka da Jidda sun cika da koren kaya, tutoci manya da ƙanana, gyale, huluna, har da na maƙalawa a gilashin mota, duk saboda bikin 23 ga wata, ranar da Sarki Abdul'aziz ya sa wa ƙasar sunan da take da shi yanzu a 1932. Yaranmu da aka haifa a nan kuwa ba za su bari ka sha ruwa ba sai ka saya musu. To 'yan uwa, musamman sabbin zuwa, ga yadda ake yi da tutar.

Da farko ka cire tunanin tutar gida daga kanka. A Najeriya mutum zai ɗaura kore-fari-kore a ƙugu ya tafi kallon ƙwallo, ya goge gumi da ita, ba mai ce masa kanzil. Wannan kuwa kalmar shahada ce rubuce a jikinta da fari, ga takobi a ƙasa. Shi ya sa ake ɗinka ta fuska biyu don ta karantu daidai ta kowane ɓangare, kuma shi ya sa ba a sassauto da ita don makoki, ko da Sarki Abdallah ya rasu a Janairun 2015 tana can sama inda take. Na san wani zai ce shi kafili, wato ubangidan da yake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya cuce shi, ko kuɗin igama, takardar izinin zama, ya hana shi barci, me zai sa ya girmama tutarsu? Alhaji haushinka daban, La'ilaha illallah daban, ba ta gwamnati ba ce ita kaɗai, taka ce kai ma.

In za ka saya wa yaro ƙarami wanda bai san ciwon kansa ba, ni dai shawarata kar ka ba shi mai rubutun. Sai masa koren gyale ko hula zalla, zai yi murnarsa daidai da kowa. Don wallahi abin da ke faruwa kenan, yaro ya kaɗa ta minti biyar ya gaji, ya yar a tsakar gida kusa da takalma, ƙanwarsa ta ja ta a ƙasa ta shiga da ita bayi, Hajiya tana kicin ba ta ma sani ba. Wanda ya yi wayo kuwa ka ba shi, amma ka zaunar da shi ka gaya masa: ba ta taɓa ƙasa, ba ta taɓa ruwa, ba a zama a kanta, ba a shiga banɗaki da ita.

In a mota ce ko a taga, ɗaure ta tamau ta sama yadda iska ba za ta fizge ta ta faɗa titi taya ya bi ta kai ba. Kar ka shimfiɗa ta a kan but yara su hau su zauna.

Masu sana'a ku ne abin ya fi shafa. Doka ta hana amfani da tutar wajen talla ko buga ta a jikin haja, don haka mai ɗinki kar wani ya kawo maka ita ya ce ka yi masa wando ko rigar filo ka karɓa, mai tsire da mai ƙosai kar a naɗe komai a takarda ko leda mai hotonta. Dokar tuta ta 1973 ta tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ko tara har riyal 3,000 ko duka biyun ga wanda ya wulaƙanta ta a bainar jama'a, baƙo kuma ya san abin da ke iya biyo bayan shiga hannun askar, wato jami'an tsaro, ba sai na faɗa ba. Wasa da ita a TikTok ma ka bar shi kawai. Kuma ba nan kaɗai abin ke da zafi ba, a 2007 sojojin Amurka sun raba wa yara ƙwallaye masu hoton wannan tutar a Khost ta Afganistan, mutane suka fito zanga-zanga, don ya za a yi a shuri sunan Allah da ƙafa.

Washegarin biki ne aikin yake. In ka ga ƙananan nan na roba zube a bakin titi ɗauke su, ba zai ci maka komai ba. Mai kyau ka ninke ta ka sa a saman kwaba, za ta yi maka amfani ranar tuta ta 11 ga Maris, wadda Sarki Salman ya ware a 2023. Wadda ta koɗe ko ta yage ba a sake ɗaga ta, kuma ba a jefa ta a shara tare da sauran shinkafa. Yi mata yadda kake yi wa tsohuwar takardar Alƙur'ani, ka kai ta akwatin da ake tara takardu masu ambaton Allah, akwai irinsa a bakin masallatai da yawa, in ba ka gani ba tambayi ladanin unguwarku.