Darasi na 9: Akwatin Ɗumi

Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka ajiye a rana, gilasanta a rufe, ya riga ya san rabin wannan darasi. Waje ana iska mai sanyi, amma cikin motar kamar tanderu. Hasken rana ya ratsa gilashi, ya faɗa kan kujeru, ya zama zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita.

Abin da za mu koya yau shi ne yadda za a kama wannan zafi a cikin akwati, a tura shi inda ake so: ɗaki a lokacin hunturu, ko ragar shanyar tumatir a lokacin kakarsa.

Kalmomin rubutu

Kowa ya kwafi waɗannan a littafinsa kafin a ci gaba: akwati, gilashi, kwano, fenti, ƙaiƙayi, ɗumi, kudu, inuwa. A lura da ƙugiyar ƙ a ƙaiƙayi da ta ɗ a ɗumi.

Abubuwa uku da muka sani tun muna yara

Baƙin abu ya fi farin abu shan rana. Shi ya sa ba a son baƙar riga a watan bazara. Gilashi yana barin haske ya shiga, amma yana tare zafi. Iska mai zafi kuma sama take yi, kamar yadda hayaƙin murhu yake tashi. Akwatin ɗumi waɗannan ukun ne aka haɗa wuri guda. Ba ya cin fetur, ba ya cin gawayi, ba ruwansa da ɗauke wuta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1881 wani Ba'amurke mai suna Edward Morse ya yi rajistar irin wannan akwati da ake kafawa a jikin bango. A nan kusa da mu, Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya daɗe yana shugabantar ofishin binciken makamashin rana na Nijar. A Sakkwato ma akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake aiki a kan na'urorin busar da amfanin gona da zafin rana. Namu dai na kafintan unguwa ne.

Kayan aiki

Ana bukatar fallen kwanon rufi guda ɗaya, ko tsoho ne, muddin bai ci tsatsa ya huje ba. Sai katako na yin bangon akwatin, da filawud na ƙasansa, da ƙusoshi. Sai gilashi, ko farar leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta ga wanda kuɗinsa bai kai ba. Sai baƙin fenti marar sheƙi, da ragar sauro ta waya, da ƙaiƙayi ko garin katako busasshe, da robar cikin tsohuwar tayar keke.

A kan gilashi da leda, ga ra'ayina. Gilashi ya fi riƙe zafi, kuma yana shekaru. Leda tana da araha, amma rana tana cin ta, wani lokacin ko shekara ba ta kaiwa ta dushe ta yage. Sai dai a gidan da yara ke buga ƙwallo, ko awaki ke tsalle a kan komai, gara a fara da leda. In an sayi gilashi, a sa a yanka shi gida biyu ko uku. In ɗaya ya fashe, asarar ba ta da yawa.

Yadda ake haɗawa

A auna kwanon tukuna, a yi akwatin daidai da shi. A lissafinmu na aji za mu ɗauka tsawonsa mita 2 ne, faɗinsa mita 1, zurfinsa kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20.

A ƙasan akwatin a shimfiɗa ƙaiƙayi kaurin yatsu uku, a danne shi, a rufe da siririn filawud. Wannan shi ne bargon akwatin. In babu shi, zafin zai sulale ta baya. Kada a sa farin soson nan da ake samu a kwalin rediyo ko firji kusa da kwano, domin zafi yana narkar da shi.

A wanke kwanon, a bar shi ya bushe, a shafa masa baƙin fenti. A ɗora shi a tsakiyar akwatin a kan 'yan guntayen katako, yadda za a sami fili na yatsu uku a ƙarƙashinsa, da wani filin yatsu uku tsakaninsa da gilashi. Layukan kwanon su miƙe daga ƙasa zuwa sama, domin iska ta bi su kamar ruwa a kwata. Daga nan a ɗora gilashi, a sa robar taya a gefe-gefe, a danne da siririn katako.

Saura ƙofofi biyu. A gindin akwatin a bar tsaga mai tsawo, a rufe ta da ragar waya saboda ƙadangare da ɓera da kunama. Nan iska mai sanyi za ta shiga. A kan akwatin a buɗe wata, inda iska mai zafi za ta fita. Ta sama kada ta fi ta ƙasa ƙanƙanta. In ta matse, iskar za ta tsaya cik, akwatin ya yi zafi, ɗaki kuma shiru.

Bari in faɗi kuskuren da na yi, don kada wani ya maimaita. Ranar da na gama nawa na farko, ɗoki ya hana ni haƙuri. Na shafa fenti da safe, da azahar na haɗa shi da tagar ɗaki. Kafin la'asar ɗakin ya cika da warin fenti, har kaina ya yi ciwo. Maiɗakina ta kwashe yara ta koma ɗakin tsohuwa, ta ce in kwana da abina. A bar akwatin a rana, ƙofofinsa a buɗe, kamar mako guda, sai wari ya mutu sarai. Kuma kada a ce za a yi tsimi a shafa baƙin man mota ko kwalta. Abin da aka shafa, shi za a shaƙa.

Ina zai fuskanta?

A watannin Disamba da Janairu rana ba ta bi ta tsakiyar ka. Tana karkata kudu. Saboda haka gilashin ya kalli kudu.

Wasu sukan ce, ai in ka fuskanci alƙibla, hannun damanka shi ne kudu. Ya yi kusa, amma alƙiblar ƙasar Hausa ta ɗan karkata arewa, don haka awon zai goce. Ga hanyar da ta fi: a kafa sanda a tsakar gida, a riƙa duba inuwarta daga hantsi zuwa azahar. Lokacin da inuwar ta fi gajarta, a ja layi a ƙasa. A waɗannan watanni na sanyi, inuwar arewa take nunawa. Ɗaya ɓangaren shi ne kudu.

Sai jingina. A wajejen Kano da Katsina da Maraɗi, a lokacin sanyi, a ɗaga kan akwatin rabin tsawonsa. Mai mita 2, a ɗaga kansa mita 1 daga ƙasa. Gindinsa ma a ɗora a kan bulo, kada ya sha ƙasa. Bakin sama ya shiga ta taga ko ta ramin da aka huda a bango, a toshe gefensa da tsumma ko laka. A duba kuma kada inuwar darbejiya ko katangar maƙwabci ta faɗo masa tsakanin hantsi da la'asar, don a nan ne duk aikinsa yake.

"To, da dare fa, Malam?"

Wani dattijo a ajinmu na yamma ne ya yi wannan tambaya, bayan ya gama sauraro, ya gyara zaman hularsa.

"Malam, ni fa sanyin da ke damuna na asuba ne. Da rana ai ko bakin zaure na zauna na sha hantsi."

Na ce, "Gaskiyarka, Baba. Akwatin nan rana yake bi. In ta faɗi, shi ma ya tashi daga aiki."

"Ashe ma'aikacin gwamnati ne," in ji shi. Aji ya kwashe da dariya.

Tambayarsa ita ce zuciyar darasin. Akwatin ba ya ajiye zafi. Ɗakin ne yake ajiyewa, in yana iyawa. Ginin ƙasa mai kaurin bango, irin soron iyayenmu, yana shan ɗumi da rana, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin kuwa, kamar zuba ruwa a kwando ne. Mai irin wannan ɗaki ya fara da silin, ko da na tabarma ne, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, sannan ya zo a yi maganar akwati. Jarkoki biyu ko uku cike da ruwa, in aka ajiye su inda iskar ke fitowa, su ma suna riƙe ɗan ɗumi zuwa dare.

Abu ɗaya da ba a mantawa: da la'asar sakaliya a toshe bakin akwatin ta cikin ɗaki. In aka bar shi a buɗe, da dare aikin juyawa yake yi. Kwanon ya huce, iskar cikinsa ta yi nauyi ta gangara, ta riƙa jan ɗumin ɗakin tana fitar da shi waje. A yi masa murfin katako ko matashi na tsumma, a ɗora wa yaro ɗaya aikin: ya buɗe da hantsi, ya rufe kafin magariba.

Ɗumin da zai rage zuwa asuba ba mai yawa ba ne, ba zai hana jan bargo ba. Amma yana rage dalilin shigar da kaskon gawayi ɗaki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, sai barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Jarirai da tsofaffi ta fi saurin kayarwa. Ko da akwati ko babu, ba a kwana da garwashi a ɗaki a rufe.

Ƙura

Hunturu da hazo tare suke tafe. Ranar da hazo ya rufe gari, zafin akwatin zai ragu, babu yadda za a yi. Amma ƙurar da ta kwanta a kan gilashi, wannan laifinmu ne. A goge shi kowace safiya, kafin ya yi zafi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. A ɗaura siririn ƙyalle a kan ragar ƙasa don tace ƙura, a riƙa kakkaɓe shi.

Bayan sanyi ya wuce

Sanyinmu wata biyu ne zuwa uku. Da don shi kaɗai ne, da ban ba kowa shawarar kashe kuɗinsa ba, sai fa mutanen Jos da na tsaunin Mambila. Ribar akwatin tana wajen shanya. Shi ya sa ba a kafe shi a bango da siminti. A yi shi yadda mutum biyu za su iya ɗauka.

Lokacin da sanyi ke ja da baya, lokacin ne tumatirin rani yake cika kasuwa, daga Kadawa da Kura da sauran wuraren noman fadama, har kwando ya faɗi warwas. Mun saba ganin kauɗa a shanye a ƙasa ko a gefen kwalta, ƙura na hawa, kaji na bi, akuya na wucewa. Sai an yi ta wanki kafin a kai ta tukunya, duk da haka wani lokacin tsakuwa na cikin miya.

A sa kafinta ya yi ɗan kabad mai ƙafafu, da tire uku ko huɗu na raga a ciki, da ƙofa a baya, da mafitar iska a sama. A haɗa bakin akwatin da gindin kabad ɗin. Iska mai zafi ta shigo ta ƙasa, ta ratsa tiren, ta kwashi danshi, ta fice ta sama. Ragar da abinci zai taɓa ta zama ta roba mai tsabta, ba wayar da ke tsatsa ba. Daga watan Maris rana tana komawa tsakiyar ka, saboda haka a sauke kan akwatin zuwa rabin mita.

A yanka tumatir da kauri ɗaya, a jera ba tare da wani ya hau wani ba. Tire na ƙasa ya fi saurin bushewa, don haka a riƙa musanya su. Kada a yi haɗama. Tumatir kusan duk ruwa ne: kilo 10 ɗanye, in ya bushe, da ƙyar ya kai kilo 1. Wannan ruwa duk iska ce za ta ɗauke shi. Akwati mai girman namu, kilo 10 ya ishe shi a zubi ɗaya, kuma zai ɗauki kwana biyu zuwa huɗu, gwargwadon rana. In aka cika shi fiye da kima, na tsakiya zai yi funfuna kafin ya bushe. Tattasai da attaruhu da kuɓewa duk haka ake yi musu. Zogale da ganyen kuka kuwa sun fi kowa morewa, domin rana ba ta taɓa su kai tsaye, sai su fito kore shar.

Wanda ya sami 'yar fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12 da ƙaramin farantin sola, ya haɗa ta a bakin akwatin. Rana na ƙaruwa, fanka na ƙara gudu. In ba a amfani da akwatin, a rufe gilashin da tabarma, don kwanon da ba iska a kansa yana iya ƙona hannun yaro.

Aikin aji

1. Karanta sashen "Ina zai fuskanta?" da babbar murya, kowa jimla biyu.
2. Akwati mai tsawon mita 3, mita nawa za a ɗaga kansa a lokacin sanyi?
3. Wata mata tana da tumatir kilo 40. Tana zuba kilo 10, kowane zubi kwana 3. Kwana nawa za ta yi? Me zai sami tumatirin da ke jiran layi, kuma me za ka ba ta shawara?
4. Rubuta jimla biyu a kan dalilin rufe bakin akwati da yamma.

Aikin gida: a kafa sanda gobe, a nemo kudu, a duba wane bango na gidan ne ba inuwa a kansa daga hantsi zuwa la'asar. Mai waya ya ɗauko hoto. A tambayi kafinta da mai gilashi farashi, a rubuto a takarda, ranar Laraba za mu haɗa lissafin a kan allo.