Kurakuran da Ke Ɓata Mahaɗin Salak Mai Ƙwayar Fofi

Wannan mahaɗi mai zaƙi da tsami ya yi suna a Amurka tun shekarun 1950, lokacin da Helen Corbitt, wata ƙwararriyar mai girki, take zuba shi a kan 'ya'yan itace a ɗakin cin abinci na kantin Neiman Marcus da ke birnin Dallas. Kayan haɗinsa kaɗan ne: sukari, khal (wato binega), garin mastad (wani kayan ɗanɗano mai ɗan yaji), gishiri, ruwan albasa, mai da ƙwayar fofi (wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira poppy seed da Turanci). Duk da haka yakan ƙi yin daɗi a hannun mutane da yawa, kuma galibi matsalar daga ƙwayar take farawa.

Kusan rabin nauyin ƙwayar fofi mai ne, saboda haka idan ta daɗe a wuri mai zafi sai man ya lalace, ta yi ɗaci da wari, kuma babu yawan sukarin da zai rufe wannan ɗacin. A tauna kaɗan kafin a zuba, a kuma riƙa ajiye ragowar a firiza cikin mazubi mai murfi. Wasu kuma sukan jefa ta cikin bilenda tun da farko, ta niƙe, launin mahaɗin ya koma toka-toka. Wurinta shi ne ƙarshe, a juya ta da cokali.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne juye mai gaba ɗaya, domin mahaɗin zai tsinke, man ya taso sama. Sai sukari ya narke sarai a cikin khal tare da mastad, wanda shi ne ke riƙe mai da ruwa wuri ɗaya, sannan a riƙa ɗiga man a hankali ana kaɗawa. Idan ya riga ya tsinke, a sa ɗan mastad a wani kwano, a riƙa zuba tsinkakken a kai ana kaɗawa har ya yi kauri. Man zaitun mai ƙarfin ƙamshi yana danne ɗanɗanon ƙwayar, yana kuma daskarewa a firij, don haka man sanfulawa ya fi dacewa.

Wajen amfani, ganye mai laushi yana yin yaushi cikin 'yan mintoci, shi ya sa ake zuba mahaɗin dab da ci, amma yankakken kabeji da tuffa suna ƙara daɗi idan sun ɗan jiƙa. Mai son shafa shi a gasasshiyar kaza ya jira sai ta kusa nuna, domin sukarin yana saurin ƙonewa a wuta mai ƙarfi.